Tankin murjani don 'yar shekara 5: ta ina zan fara?

Tambaya: 'Yata mai shekara 5 ta kafe sai na sayo mata kifin Nemo. Ina tunanin haɗa mata ɗan ƙaramin tankin gilashi na lita 20, da ruwan gishiri da murjani mai rai, in ajiye mata a ɗakin kwananta. Ban taɓa kiwon kifi ba. Zai yiwu? Ta ina zan fara?

Allah ya raya ta, ɗan'uwa. Zai yiwu mana. Amma kafin ka fitar da kuɗinka, ka sa a ranka cewa tankin nan naka ne, suna kawai ya fita nata. Ita za ta raɗa wa kifayen suna, ita za ta riƙa jawo baƙi da hannu su zo su gani, amma ɗaukar bokiti da haɗa ruwa da awon gishiri duk a wuyanka suke, mako-mako, shekara da shekaru. Kifin da take nema, wanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yaran duniya suka san shi, yakan yi shekara 10 a hannun mai kula, wasu ma har su haura 20. Tana iya gama sakandare shi yana nan yana jiran abincin safe. Ɗokin yaro kuwa ka san shi, wata biyu ya yi yawa. In kai kanka abin bai kwanta maka a rai ba, gara ka kai ta inda ake nuna kifaye ta sha kallo ku dawo gida. In kuwa kana so, ga yadda zan yi da ni ne.

Lita 20 ta yi kaɗan. Mutane na ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi ga sabon shiga, alhali a ruwan gishiri shi ya fi wahala. Ruwa na tashi ya bi iska kullum, gishiri kuwa ba ya tashi, yana nan zaune. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. In lita ɗaya ta ƙafe daga tankin lita 20, gishirin ya haura zuwa kusan 37. Wannan litar ɗaya a tankin lita 80 ba za ta kai shi ko 35 da rabi ba. Haka zafi yake, haka ƙazanta take: ɗan abincin da ya ruɓe a ƙaramin ruwa nan da nan yake zama matsala, babban ruwa kuwa ya shanye shi ka samu lokacin gyara. Ka nemi tanki na lita 60 zuwa 80, irin wanda aka keɓe masa ɗaki a bayansa inda matacin ruwa da famfo da hita suke ɓoye. Ga gidan da ke da yara ya fi dacewa, don ba tiyo a waje, ba abin ja.

Batun ɗakin kwananta ma ka janye shi. Tankin lita 80, da ruwa da duwatsu da gilashi, ya haura kilo 100. Yaro kuma in yana son ganin abu, hawa yake yi. Ka ajiye shi a falo inda idon manya ke kai, a kan kabad mai ƙarfi da aka ɗaure da bango, nesa da tagar da rana ke shigowa kai tsaye. Ka tanadar mata 'yar kujera ta tsayawa don kada ta riƙa dafa gilashin tana ɗage. Ruwan gishiri na ɗaukar wutar lantarki sosai, don haka duk kayan tankin su bi ta na'urar nan da ke yanke wuta da kanta in ta ji tana zurarewa, wadda ake kira RCD ko GFCI. Kowace waya ka bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta sake hawa ta shiga, don ɗigon da ya biyo waya ya faɗi ƙasa maimakon ya shiga ramin wuta. Kabad ɗin ka sa masa makulli. A ciki soket da ruwan gwaji da abincin kifi za su zauna.

Sai murfi. Kifin teku na tsalle, ni kaina na taɓa tsintar ɗaya ya bushe a bayan kabad da safe saboda ratar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Amma a gidanka murfin ba don abin da zai fita kaɗai ba ne, har da abin da zai shiga. Yara na son ba kifi kyauta: biskit, madara, 'yar tsana, kuɗin ƙarfe. Na ƙarshen nan ya fi ban tsoro, domin yawancinsu na da jan ƙarfe, shi kuwa jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande da katantanwa.

Yanzu ruwa, wanda shi ne ainihin abin da za ka yi kiwo; kifi da murjani baƙi ne a cikinsa. Kada ka yi amfani da ruwan famfo. Yana iya zuwa da kulorin, da fosfet da siliket masu ciyar da gansakuka, wani lokaci da jan ƙarfe daga bututu. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO/DI. Ko ka sayi na'urar, ko ka riƙa sayen ruwan a wurin masu sayar da kifin teku. Gishirin ma ba na girki ba ne. Haɗi ne na musamman mai kalsiyam da maganiziyam da kabonet, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. A bokiti daban ake haɗawa: ruwa tukuna, sannan gishiri a hankali, a bar ƙaramin famfo yana juya shi na wasu awanni ko ya kwana. Ba a taɓa zuba ɗanyen gishiri a tankin da ke da rai a ciki. Ka sayi rifraktomita, ɗan madubin awon gishiri da ake ɗiga wa ruwa a leƙa, ka riƙa tsayar da awo a kan 1.025 zuwa 1.026. In yarinyar na da ƙane ko ƙanwa mai rarrafe, bokitin nan kada ya zauna a buɗe ko na minti ɗaya. Jarirai na nutsewa a ruwan da bai kai rabin bokiti ba.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi a watana na farko: ka ga ruwa ya ragu, sai ka cika da ruwan gishiri. A'a. Abin da ya tashi ruwa ne zalla, da ruwa zalla ake mayar da shi. Ruwan gishiri sai ranar canji, lokacin da ka ɗebe da hannunka. Ka manna ɗan tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum a cika zuwa nan. Wannan aiki ne da za ta iya yi da ɗan kofi kana tsaye.

Dutse iri biyu ne. Akwai wanda aka ciro daga ruwa da ransa, ɗauke da bakteriya da ƙananan halittu, akwai busasshe. Mai rai ya fi saurin zaunar da tanki, amma yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba: tsutsotsi masu ƙaya da ke soke yatsa, da wata 'yar animoni (dabbar teku mai kama da fure, mai harbi) mai yaɗuwa da ake kira Aiptasia, wani lokaci har da murjanin dafi da zan yi magana a kai. Ga gidan yara na fi son busasshe, kusan kilo ɗaya ga kowace lita 10. Ka zaunar da duwatsun a kan gilashin ƙasa tukuna sannan ka zuba yashi, don kada wata halitta ta tona ƙarƙashinsu su rufto. Ka bar ta ta zaɓi inda kogo zai kasance.

Daga nan sai jira, kuma a nan ne yawancin iyaye ke faɗuwa, ba don rashin sani ba, sai don kukan yaro. Kifi na fitar da amoniya ta inda yake numfashi da kuma ta kashinsa, ita kuwa guba ce gare shi. A tankin da ya zauna, akwai bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirait, wata kuma ta mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta da illa sosai in ba ta taru ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya. Sai sun yaɗu a jikin dutse da yashi. Za ka zuba bakteriyar kwalba da ake sayarwa, ka ba su abinci, ko dai ruwan amoniya na musamman har awon amoniya ya nuna kusan 2 a katin gwaji, ko ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki. Sai ka riƙa gwaji bayan kwana biyu-biyu. Amoniya za ta hau ta sauko, naitirait ta biyo baya ta sauko, naitiret ta bayyana. Ranar da ka sa amoniya ka wayi gari ita da naitirait duk sun koma sifili, tanki ya nuna. Yakan ɗauki mako 3 zuwa 6. Duk wanda ya ce ka jefa kifi mai juriya ya yi maka wannan aiki, kada ka saurare shi. Azabtar da dabba ne, kuma gawar farko da yarinyar za ta gani ke nan.

Yadda na ga ana rage wa yaro zafin jiran shi ne a ba shi aikin gwajin. Kai ke ɗiga maganin, don wasunsu na ƙona fata, ita kuma ta kara kwalbar da katin launi ta faɗi wanne ya yi daidai, ta shafa wannan launin a kalanda. Yara sun fi mu ido a wannan, na rantse.

Bayan an kunna fitila za ka ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, daga baya koriyar gansakuka mai kama da gashi ta biyo. Kada ka firgita ka hau sayen magunguna. Kowane sabon tanki sai ya bi ta nan, wata biyu zuwa shida, musamman mai busasshen dutse. In ta ƙi tafiya, to ruwa ba ya tsami banza: ko abinci ya yi yawa, ko fitila na daɗewa, ko ruwan da kake zubawa bai tatu ba. A wannan lokacin ake kawo katantanwa, irin su Trochus masu kankare gilashi da Nassarius masu ɓuya cikin yashi su fito da zarar sun ji ƙanshin abinci. Biyar ko shida sun isa a fara.

Kifi biyu ƙanana na Nemo, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona, ba kamun teku ba. Sun saba da abincin gwangwani, sun fi juriya, kuma ka huta da tunanin yadda aka kamo su, domin a wasu sassan Filifin da Indonesiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanayid. Ka sayi biyun suna ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Dukkansu ba mace a cikinsu tun farko. Wanda ya fi ƙarfi shi zai rikiɗe ya zama mace ya ƙara girma, ɗayan ya zauna namiji. Za ka ga ƙaramin yana karkarwa a gaban babbar kamar mai jin sanyi. Ba ciwo ba ne, mubaya'a ce.

Za ta nemi shuɗin kifin nan abokin Nemo, wato Paracanthurus hepatus. Ka ce a'a tun yanzu. Yana kai kusan santimita 30, mai yawo ne, tankin ɗaruruwan lita yake buƙata. Za ta nemi animoni, gidan Nemo. Ita ma a'a, aƙalla shekarar farko: tana son haske mai ƙarfi da ruwan da ya daɗe da zama, tana tashi ta yi yawo ta harbi murjani, in kuma famfo ya tsotse ta ya markaɗe, tana iya tafiya da tankin gaba ɗaya a dare guda. Kifin Nemo na rayuwa lafiya lau ba ita. Sau da yawa ma sai ya zaɓi wani murjani, ko kusurwar gilashi, ya mai da shi gida. Kifin zaki mai dogayen ƙayoyi da kifin nan mai fuskar dila duk suna da dafi a ƙaya, ba su da wuri a gidan yara. Kifin mandarin kuma, duk kyansa, ƙananan ƙwarin ruwa masu rai yake ci, a ƙaramin sabon tanki yunwa ke kashe shi.

In kana son abin da zai riƙe hankalinta fiye da Nemo ɗin ma, bayan wata ɗaya ko biyu ka ƙara ɗan kifin da ake kira rawayan gobi, Cryptocentrus cinctus, tare da jatan landen da ake kira mai bindiga. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke tona rami yana turo yashi waje yini guda. Gobin na tsaye a bakin ramin yana gadi, shi kuwa ya ɗora masa gashin bakinsa a jiki, da gobi ya kaɗa wutsiya sai su faɗa rami tare. Na ga manya sun ja kujera sun zauna don wannan. Akwai kuma jatan lande mai wanki, Lysmata amboinensis, ja da farin layi a baya, mai hawa jikin kifi yana tsince masa datti. Ka gargaɗe ta tun wuri cewa yana saɓa: wata safiya za ta ga kamarsa sak a kwance a yashi ba motsi, alhali tsohuwar rigarsa ce, shi yana bayan dutse.

Kifi uku da jatan lande biyu, tankin ya cika. Kowane sabon kifi ka kalle shi a shago ka ga yana cin abinci, ba fararen ɗigo a jikinsa, ba ya haki. In da hali ka ajiye shi a ɗan tanki daban na mako 4. Ciwon fararen ɗigo in ya shiga tankin murjani wahala ne, domin maganinsa da aka fi sani jan ƙarfe ne, ba kuma za ka iya zuba shi inda murjani yake ba.

Murjani dabba ne, ba tsiro ba, sai dai a cikin naman jikinsa akwai ƙananan gansakuka da ke sarrafa haske su ba shi abinci. Shi ya sa fitilar LED ta tankin murjani ba ado ba ce. Awa 8 zuwa 9 a yini, a kan agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. Ka lura, mai shekara 5 daga ƙasa take kallo, idonta na iya faɗawa kai tsaye cikin ƙwayayen fitilar. Ka sa mata inuwa ta gaba. Ruwa kuma ya riƙa motsi, kamar ninki 10 zuwa 20 na girman tankin a awa.

Abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan shi ne wannan. Mai shago zai nuna maka wasu ƙananan murjani masu kama da maɓallai, masu launi kamar an zana, ya ce su ne na sabon shiga, ba sa mutuwa. Zowantid ake ce musu, da 'yan'uwansu Palythoa. Gaskiya ya faɗa, suna da juriya. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: wasu daga cikinsu na ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a halitta, wanda aka fara tacewa a Hawai a 1971. Ba shi da makari, kuma ba ka iya gane mai shi da ido. Yana shiga ta rauni, ta ido, ta baki, ko ta numfashi in ya bi tururi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka kamu a Alaska tsakanin 2012 da 2014, a gidaje da shagunan kifi. A 2018 a Ingila an kwashi iyali guda zuwa asibiti bayan an kankare dutsen tanki a cikin gida. Zazzaɓi, tari, ƙuncin numfashi, ɗacin ƙarfe a baki, su ne alamun. Masu kiwo da yawa na ajiye su lafiya da safar hannu da tabarau, amma gidan da ke da 'yar shekara 5 ba ya buƙatarsu sam. Duk guntun murjanin da za ka saya ka juya shi ka duba ko wani ya maƙale a gindinsa. Kuma ko da me, kada ka taɓa tafasa dutsen tanki, ko zuba masa ruwan zafi, ko goge shi da burushi a busashe.

Akwai masu kyau da za su ishe ku. Discosoma, masu kama da faifai, ja ko shuɗi ko kore, ba sa son haske da yawa. Xenia na buɗe 'yan yatsunta tana rufewa yini guda kamar mai tafi, yara na mutuwar sonta. Briareum kamar koriyar ciyawa yake iska na kaɗawa. Waɗannan biyun na ƙarshe ka ba kowanne dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, in ba haka ba cikin shekara guda sun mamaye ko'ina. Sarcophyton, mai siffar laimar kwaɗi, lokaci-lokaci yakan rufe na kwanaki ya yi ƙyalli kamar an shafa masa kakuma, sannan ya zubar da fatar ya buɗe. Ba mutuwa yake ba. Daga baya sai Duncan, wanda za ta iya ɗiga wa abinci ta ga ya naɗe shi ya haɗiye. Ka fara da guntu biyu ko uku waɗanda aka raino a gona, bayan kifayen sun yi wata guda lafiya.

Da irin waɗannan ba ka buƙatar tarin kwalaben ƙari. Canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, wato lita 8 a tankin lita 80, ya isa ya mayar da abin da suka ci. Abin da ba ka auna ba kada ka zuba shi. Zafi ya tsaya a digiri 25 zuwa 26. In ya daɗe a 29 ko 30 murjani na korar gansakukar jikinsa ya yi fari. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa na sauke shi kaɗan, sai dai ƙafewa za ta ƙaru. In wuta ta ɗauke, ba duhu ne ke kashe su ba, rashin iska ne a ruwan da ya tsaya. Ɗan famfon iska mai batir ya kasance a kabad tun ranar farko.

Ciyarwa ita ce rabonta, kuma ita ce hanya mafi sauri ta lalata tanki, domin a wurin yaro ƙauna ita ce ƙari. Ka samo akwatin nan na ƙwayoyin magani mai gida bakwai, ka auna abincin kowace rana a ciki, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Gida ɗaya take buɗewa, gwangwanin na kulle. Hannu ba ya shiga ruwa: sabulu da man shafawa na cutar da tankin, ruwan kuma na iya ɗauke da ƙwayar Mycobacterium marinum mai shiga ta rauni ta haddasa ƙurjin da ke daɗewa bai warke ba. Kai ma ka sa doguwar safar hannu, ka wanke hannu bayan aiki, kada kuma ka ja tiyo da baki. Maganin sauro na fesawa da turaren fesawa kada su kusanci ɗakin.

Wata rana wani abu zai mutu, ko ka yi komai daidai. Kada ka saci jiki ka musanya shi da dare. Suna ganewa, su da suka san kowane layi a jikin kifin. Ka faɗa mata gaskiya a taƙaice, ka cire gawar da wuri, ka gwada ruwa.

Ka kuma sayo 'yar tocila mai jan haske. In tankin ya yi wata uku ko huɗu, bayan fitila ta mutu da kamar awa ɗaya, ku zauna ku haska jikin duwatsun. Yawancin halittun ciki ba sa damuwa da jan haske. Za ku ga ƙananan ƙwarin ruwa da suka biyo murjani suna guje-guje a gilashi, katantanwa sun fito kiwo, Nemo kuwa ya kwanta a karkace a kusurwarsa yana barci. Ka gaya mata tun kafin ta gani cewa haka yake kwanciya.